Makin da Iya Ta Hana Ni

Shekara ta uku da shigata lakwal, wato makarantar boko, a Dogon Dutsi, mu biyu muka rage a gidanmu, ni da kakata Iya Dije. An tafi da babana aikin dole na gina hanya, bai dawo ba. Innata kuwa ta koma wurin iyayenta a Dumega. Bayan magariba Iya takan tura karan gero cikin murhu, ta ce ga ta nan. A maƙwabta yara goma ke amsawa. A namu gidan muryata kaɗai ke cewa ta zo mu ji ta.

Wata rana mushe, malaminmu, ya sa kowa ya rubuta labarin ranar da ba zai manta ba. Na tsinto kalmomi daga littafin karatu, na haɗa labarin tafiyata a jirgin ruwa, ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi tabki ba. Mushe ya ba ni maki mafi yawa, har ya karanta wa aji. Da yamma na juya wa Iya shi da Hausa, ina jiran yabo.

Ta daɗe tana gyara wuta. "Maigidana, zance ya yi daɗi," in ji ta. "To kai ina kake a ciki?"

Sai ta ɗauko tatsuniyar wata makauniya da ɗanta ya tafi fatauci ya rasu a hanya. Mutum biyu suka zo, kowa ya ce shi ne abokin tafiyarsa, don ta riƙe shi ɗa, ta bar masa gona. Na farko bakinsa zuma. Ya ce marigayin jarumi ne, mai kyauta, ya yabe shi har jama'a suka yi kuka. Na biyu mai in'ina ne. Da ƙyar ya ce, "Inna, ni dai abin da na sani, ba ya shan ruwa sai ya hura shi sau uku, ko da babu haki a ciki." Makauniya ta miƙa hannu ta shafa fuskarsa, ta ce, "Kai ka ga ɗana."

A nan Iya ta tsaya. Ba ta ce ƙurunƙus ba. Ta juya wa wuta baya, ta ce hayaƙi ya dame ta. Sai bayan rasuwarta innata ta gaya mini haka babana ke shan ruwa.

Na zama malami, na yi shekaru ina riƙe da jan alƙalami. Kyakkyawan rubutu ya bi ta hannuna da yawa, akasarinsa irin jirgin ruwana. Ran nan wata yarinya ta kawo takarda cike da kurakurai, layi shida kacal. A ƙarshe ta rubuta cewa tun da innarta ta rasu, ba wanda ke ajiye mata ƙanzon tuwo. Shugaban makaranta ya ce makin da na ba ta ya yi yawa. Na gyara kowane kuskure da ja, makin kuwa na ƙi taɓawa.

Da aka tashi na zauna ni kaɗai a aji, takardar na hannuna. Na so a ce akwai wadda zan koma gida in juya wa ita da Hausa.