Tawadar da Ta Tafi da Fuskar Rabi

Shekara shida ke nan cif da muka kai Rabi makwancinta. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta. Matata ce, uwar 'yata Hanifa, ma'aikaciyar jinya a asibitin koyarwa. Duk shekara in lokacin ya zagayo, nakan yi mata sadaka in kama bakina. Bana na kasa yin shiru, domin Hanifa ta wuce shekara bakwai, ta fara tambayar yadda fuskar uwarta take, ni kuwa ba ni da abin da zan nuna mata. Akwai masu laifi a cikin wannan al'amari, kuma ni ne na farkonsu.

Muna haya a Gyaɗi-Gyaɗi, har yanzu ma a nan nake. Ni direba ne, ina tuƙa wani mutum a Hotoro. Rabi tana aiki tana ƙarin karatu, sai ta gaji da bin layi a shagunan buga takardu, ta sayi 'yar ƙaramar firinta ta ajiye a kan tebur a falo. Ba a daɗe ba ƙawayenta 'yan makarantar jinya suka gano, gidanmu ya koma wurin buga takardun karatu kyauta. Daga nan na san wani abu da ake kira katirij, wato ɗan akwatin tawadar da ake sa wa firinta. Iri biyu ne a kasuwa. Akwai na kamfanin da ya ƙera firintar, shi ake ce wa orijina. Akwai na gama-gari da wasu suke yi, shi ake ce wa kwafi, kuɗinsa bai kai ko kusa da na orijina ba.

Rabi ba ta raina kwafi ba. Da shi take yin kusan komai. Amma tana da ƙa'idarta, ta faɗa mini ba sau ɗaya ba. "Abban Hanifa, takardar da za a karanta a ci jarrabawa a nannaɗe ƙosai da ita, kwafi ya ishe ta. Abin da nake so jikokina su gani kuwa, orijina zan sa." Nakan yi mata dariya, in ce tawada dai tawada ce.

Ana saura mako guda ƙaramar sallah, Hanifa ta cika shekara ɗaya, Rabi ta ɗinka musu atamfa iri ɗaya. Ta sayo takardar buga hoto mai sheƙi, ta ba ni kuɗi ta ce in na taso daga aiki in biya Tarauni in sayo mata katirij mai kala, orijina. Ta rubuta mini lambarsa a takarda. Ta kuma maimaita, orijina.

Da mai shagon ya faɗi farashin sai na ji raina ya ɓaci. Kaɗan ya rage ya kai kuɗin sabuwar firinta. Ya lura da fuskata, ya sunkuya ya zaro wani daga ƙarƙashin kanta.

"Malam, ka ga wannan? Wallahi masana'anta ɗaya ce take yin su. Suna kawai za ka saya."

Na ce maiɗakina ta ce orijina.

"Hajiya ce za ta buɗe cikinsa ta leƙa? Ka buga da shi, in ta ga bambanci ka dawo mini da kayana."

Ba zan ɗora masa abin da bai yi ba. Ni na tambaye shi ko yana da tsohon kwalin orijina da zai saka mini a ciki. Yana da su tuli. Ya kuma koya mini cewa in na saka, rubutu zai fito a fuskar firintar, in danna maɓallin tsakiya ya wuce. Na dawo gida Rabi tana wurin aiki, na saka, na danna, na ajiye kwalin inda za ta gani. Ragowar kuɗin na sayo kajin sallah da su. Ta soya, ta ci, ta yi mini godiya.

Ranar sallah matar maƙwabcinmu ta ɗauke su hoto da wayar Rabi. Washegari Rabi ta zaɓi uku ta buga. Sun yi kyau, ba zan ɓoye ba. Ta ɗaga ɗaya tana kaɗawa don ya bushe, ta ce, "Ka gani ko? Wannan har auren Hanifa yana nan." Na ce na gani. Ta sa ɗaya a gilashi ta rataye a falo, biyu ta saka a wani ƙaramin albam daban.

Bayan wata biyar ta rasu. Ciwon kwana huɗu.

Ranar sadakar uku da yamma, yayanta Sabi'u ya kira ni gefe. Ya ce in ba shi wayarta da kwamfutarta da albam ɗin bikinmu. Ya ce hoton mace da ya rage a duniya, duk namijin da ya kalla, ita ake rubuta wa, kuma shi ba zai bari a riƙa ƙara wa ƙanwarsa nauyi a kabari ba. Ni ba malami ba ne. Na ji malamai sun yi magana daban-daban a kan hoto, ba kuma zan sa baki a abin da ban sani ba. Abin da na sani shi ne Yaya Sabi'u bai tambayi kowa ba. Bai tambayi Inna da ta haife ta ba. Bai dubi yarinyar da take rarrafe tsakanin tabarmin 'yan gaisuwa ya ce ko a bar mata guda ɗaya a rufe a akwati, inda ba namijin da zai gani, ba. Ya goge wayar, ya goge kwamfutar, ya ƙona albam ɗin bikin, ya bi dangi ɗaya bayan ɗaya ya sa suka goge nasu. Ni kuma na miƙa masa da hannuna, don a ranar ko gidan aka ce in bayar zan bayar. Hotuna ukun nan kawai na ɓoye a cikin kayana. Da ƙura ta lafa na mayar da na gilashin bango, a cikin ɗaki.

A shekara ta biyu na fara ganin fatarta a hoton bangon tana yin wani kore-kore. Na ɗauka idona ne. A ta uku jan atamfar ya koma ruwan ƙasa, leɓɓanta suka ɓace. Na ciro ƙaramin albam ɗin da sauran biyun suke ciki don in musanya, sai na tarar danshin damina ya shiga, tawadar ta narke ta manne da ledar, fuskokin sun zama kamar an zuba shayi a takarda. Yau in ka dubi na bangon, za ka ga ɗaurin ɗankwali, za ka ga hannu riƙe da jaririya. A tsakiya wani farin wuri ne da ɗigo biyu.

Takardun karatunta kuwa, waɗanda ta buga da baƙar tawadar kwafi, suna nan a kwali, kowane harafi ana karanta shi. Ta san abin da take faɗa. Ta san inda arha take da amfani da inda take cuta. Ni ne na ga na fi ta wayo. Katin zaɓenta ma yana nan, amma hoton ciki ko ita da ranta cewa take ba ta san matar ba.

Ina jin haushin kamfanonin nan su ma. Su sayar maka da firinta da sauƙi, sannan su tsare ka a kan tawada, har talaka ya tsaya a gaban kanta yana auna katirij da abincin sallah. Yanzu ma an ce wasu firintocin in ka saka musu kwafi ƙin aiki suke yi gaba ɗaya. Da Rabi tana nan da ta yi faɗa a kan wannan, don ba ta son a yi wa mutum dole a kan abin da ya saya da guminsa. Amma na san ba za ta bar ni in ɓuya a bayansu ba. Cewa za ta yi, kamfani ne ya saka a tsohon kwali?

Watan jiya Hanifa ta dawo daga Islamiyya ta tsaya a gaban hoton. Ta ce wata ƙawarta ta ce ita da mamanta take kama. "Abba, ni da wa nake kama?" Na ce da Ummanki. Ta ce, "Ta ina?" Tana nuna farin wurin.

Washegari na cire hoton na koma shagon nan na Tarauni. Mai shagon yana nan, ya yi ƙiba, ya faɗaɗa shagon, har da kwamfutoci biyu. Na ajiye hoton a kan kanta na tuna masa. Ya daɗe yana kallo. Ya yi mini ta'aziyya yadda ya kamata, sannan ya ce:

"Amma Malam, ka tambaye ni zai buga, ya buga. Ka tambaye ni shekara nawa zai yi?"

Na ce ka rantse mini masana'anta ɗaya ce.

"Haka aka faɗa mana mu ma. Kuma in ban manta ba, kai ka nemi kwali."

Bai manta ba. Sai ya sassauta murya ya ce yanzu an ci gaba, akwai manhajar da take dawo da tsohon hoto sabo, zai yi mini kyauta. Kafin in gama zama ya ɗauki hoton da waya, ya danna nan ya danna can. Mace ta fito a fuskar kwamfutar. Kyakkyawa ce, fara sol, hanci har baka, haƙora jere kamar na talla. Ɗankwalin na Rabi ne, hannun nata ne. Rabi baƙa ce mai faɗin fuska. Na faɗa masa. Ya ce, "To ai yarinya ba ta sani ba. Ta samu abin riƙewa dai." Ya buga ya miƙo mini, ya ce da orijina ya yi. Na karɓa. Wannan ma in an tambaye ni dalili ba ni da shi.

Hanifa ta yi murna irin wadda ban taɓa gani ba. Ta kwana da shi, ta kai makaranta, ta tsaya a madubi tana matse hancinta don ya yi tsawo. Kwana tara ina kallonta. A na goma muka je gaida Inna a Darmanawa, ta ruga ta ɗora mata a cinya. Inna ta matso da shi kusa da idonta, ta nesanta shi, ta ce, "Masha Allah. Wannan kuma 'yar wace ce?"

Hanifa ta juyo ta kalle ni.

A nan kan tabarmar Inna na faɗa mata komai, yadda yaro zai gane. Na ce wannan ba Ummanki ba ce, na'ura ce ta ƙaga ta. Na ce Ummanki ta so ta bar miki fuskarta, ta aike ni in sayo tawada mai kyau, na sayo marar kyau na yi mata ƙarya. Inna ba ta taɓa jin wannan ba. Ta dai kawar da kai. Hanifa ba ta yi kuka ba. Ta kife hoton a ƙasa, ta ce, "To Abba, ka faɗa mini yadda take."

Na fara. Na ce baƙa ce, idanunta manya, in ta yi dariya kumatunta yana loɓawa. Ta ce wanne? Na kwana da matar nan shekara huɗu, na kasa tuna ko na dama ne ko na hagu. Inna ta ce na hagu. Can kuma ta ce, ko na dama ne.

Ranar jana'iza an tashi an roƙi jama'a su yafe wa Rabi, kowa ya ce ya yafe. Ba ta yi mini komai ba da zan yafe. Ni nake da abin roƙo, ita kuma ta tafi tana ganin ta bar wa 'yarta abin da zai kai ranar aurenta. Aikinta na alheri yana wurin Allah, wannan ba ya kodewa. Matan da ta yi jinya har yanzu wasu suna tare ni a hanya su yi mata addu'a. Amma yarinya 'yar shekara bakwai ba ta tambaye ni ladan uwarta ba.

Saboda haka na rubuto. Ku da kuka yi aiki da ita, ku da kuka zauna a falonmu kuna jiran takardunku su fito, hannun Yaya Sabi'u bai kai wayoyinku ba. Ku duba tsofaffin da kuka jefa a durowa. Ko a bayan wasu take tsaye, ko rabin fuska ne, ko ta rufe ido. Ba zan rataye ba, ba zan nuna wa kowa ba, Hanifa kaɗai za ta gani. Ba mu tashi ba, kun san ƙofar.