Kujerun Jikoki

Faretin tunawa da kakanninmu da suka jawo amalanke zuwa Utah ya kusa ƙarewa, rana ta gama dafa mu. Kusa da mu wani dattijo yana zaune da malafa da rigar mutanen da, ya jera kujeru babu kowa a kansu. Da alama tun asuba yake gadinsu. Duk wanda ya matso sai ya ce, "Na jikokina ne."

Matata LaRue, da tsohon cikinta, tana ta sauya ƙafa. Ya dube ta, ya kakkaɓe kujera ɗaya da malafarsa.

"Zauna, 'yata."

"Jikokin fa, Baba?"

"Tun da uwarsu ta bar coci ba su ƙara zuwa ba. Ni ne dai na kasa daina kawo kujerun."