Ranar da Madam Habiba Ta Zubo Mana Sinanci

Surutu ya kaure a ajinmu na 'yan mata a Bawku, lokacin muna JSS, sai ga sabuwar malama, Madam Habiba, wadda ta yi karatu a China. Ba ta daka tsawa ba. Ta dube mu kawai ta zubo Sinanci. Muka yi tsit.

Ladi uwar surutu ta ce, "Madam, zaginmu kika yi?"

"In kun natsu har a kaɗa ƙararrawa, zan fassara muku."

Ranar ko tari babu. Da aka tashi ta ce, "Cewa na yi yunwa nake ji, wa ke da ƙosai?"

Muka fashe da dariya. Washegari Ladi ta zo da ƙosai mai zafi, tana roƙon Madam ta koya mata Sinanci.

Har yau ina mamakin dabarar matar nan. Ku fa, yaya malamanku suka kama ku?