Maigari da Kumfa a Ido

A gidanmu na Karshi, da an sallame isha'i sai mu kewaye murhun Kaka. Doya take gasa mana, tana juya ta da hannu kamar wuta ba ta san ta ba. Sai ta bari mun gaji da roƙon tatsuniya, sannan ta ce, "To ga ta nan tafe, mai surutu ba shi da rabo."

Akwai wadda muka fi so. Wai a wani ƙauye rijiya ɗaya ce, guga ma ɗaya. Dokarsu, wanda guga ke hannunsa ba mai karɓa sai ya cika tulunsa ya rataye shi. Wata safiya wani mai suna Tanko ya ɗauki guga ke nan, sai ga ɗan aike: maigari na kira, kuma kiran maigari ba a ce masa "bari in gama". Tanko ya saɓa guga a kafaɗa ya bi shi. A ƙofar gida aka ce ya zauna, maigari na wanka.

"Shi kuwa maigari," in ji Kaka, tana runtse ido, "ya shafe jiki da sabulu, ruwa ya ƙare. Ya aika rijiya. Masu ɗiba na jiran guga, guga na jiran maigari, maigari na jiran ruwa!"

Nan muke faɗuwa da dariya. Sai da rana ta take maigari ya fito da kumfa a ido yana lalube, ya yi tuntuɓe da Tanko. Daga ranar, mai guga ba a kiransa sai ya rataye.

Yanzu ina aiki a wani ƙaramin kamfani a Abuja, ina rubuta direban hoto, wato manhajar da ke sa allon na'ura ya nuna abu. Bara muka haɗa wasu ƙananan kwamfutoci don 'yan makarantar Abaji, sai allonsu ya riƙa daskarewa haka kawai. Ranar kai kaya ta matso, ogata Madam Ngozi ta daina barkwanci.

Na bi sawun abin har na gano. Wani aiki a cikin na'urar yakan riƙe makullin allon, wanda sai da shi ake taɓa allo, sai kanel, uwar manhajar da ke raba wa ayyuka lokaci, ta dakatar da shi don wani mai gaggawa. Mai gaggawar kuma makullin nan yake jira, mai makulli na jiran ya gama. Na fashe da dariya ni kaɗai.

"Sadiya, lafiya?" in ji Madam.

"Madam, maigari ke wanka."

Na hana a katse mai makulli sai ya saki, na kuma rage abin da yake yi da shi a hannu. Allo ya daina tsayawa, kaya suka tafi Abaji.

Ina yarinya na ɗauka maigari Kaka ke yi wa tsiya. Sai a kan wannan aikin na lura duk ƙauyen ba wanda ya karya doka. Kowa ya yi abin da aka ce ya yi, kuma kowa ya wuni da ƙishirwa.