Neman Kabarin Baba a Gumbin Kure

Ana idar da sallar asuba muka bar tashar Sakkwato, mu shida a ƙaramar mota, ni a baya jikin taga, gwiwoyina sun tokare kujerar gaba. Gumbin Kure na nufa, ƙauyenmu da ke ƙasar Maiyama, rabona da shi tun kafin korona. Kun saba ina kawo muku labarin yawon buɗe ido. Wannan karon kabarin mahaifina na tafi nema, don ban san inda yake ba.

Bari in faɗa muku dalili tun muna hanya. Lokacin annobar ina aiki a sashen wayar da kan jama'a, mu ke rubuta sanarwar da ake karantawa a rediyo. Da hannuna na rubuta dalilan rufe iyakokin jihohi: matafiya ke yawo da cutar, gadajen asibiti ba za su isa ba, tsofaffinmu ake karewa. Da aka zo kan allurar rigakafi, cewa ma'aikaci ba zai shiga ofis ba sai da katin shaidar ya yi ta, ni ne dai na tsara bayanin. Ana cikin kullen nan Baba ya rasu. Yayana ya kira ni ya ce in hau motar kaya in taho, tunda ba a tare masu ɗaukar abinci, za su jira ni har la'asar. Na ce mai rubuta doka ba zai ɓuya cikin buhuna ya karya ta ba. Ya kashe wayarsa. Da aka buɗe hanya kuma kunya ta riƙe ni, ina yau ina gobe har shekaru suka tafi.

Mun wuce Tambuwal kaɗan direba ya nuna inda aka gitta shinge a lokacin, sai musu ya ɓarke. Wata 'yar kasuwa ta ce ita yunwa ta gani, ba ta ga cuta ba. Wani dattijo ya ce ya binne abokai biyu a wata guda, kada wanda ya ce masa ƙarya ce, amma allura kam don Makka ya yi ta, da an ce sai ya yi goma zai miƙa hannu. Aka yi dariya. Ni da na haddace amsar kowace magana, sai na juya ina kallon taga. Mota cike, amma ji nake ni kaɗai ne.

Aliero hanci ke fara sanin an iso ta. Albasa ce jibge a bakin titi, wata a buhu, wata a shanye, manyan motoci na lodi. Na daɗe ina kallon wata motar da ake ɗaure wa tamfol, ina auna inda mutum zai raɓa a samanta. Ashe wuri ne wadatacce.

Mun tarar da kasuwar Jega tana ci. Babura, Keke, shanu, masu buhunan gero, kowa na neman hanya a lokaci guda, ba mai ba wani. Na sayi fura da nono wurin wata Bafillatana, dunƙulen furar ya ƙanƙance har sai da na tambaye ta ko na yara ne. Ta ce in je in tambayi masu gero. Na sha a tsaye. Da can ba na taku goma a kasuwar nan wani bai kira sunan gidanmu ba, ranar ko mutum ɗaya bai waiwaye ni ba, kuma abin ya yi mini ciwo.

Daga Jega na hau motar Maiyama, daga nan ɗan kabu-kabu ya ƙarasa da ni ta cikin gonaki, gero ya kai gwiwa. Na sami Yaya a zaure yana gyaran ƙotar fartanya. Ya tsufa, har ya ɗauko kamannin Baba. Ya shimfiɗa mini tabarma, aka kawo ruwa, ya tambayi hanya da iyali, komai daidai yadda ake yi wa baƙo. Na zo da bayanina a shirye, na rasa ta inda zan fara. Bayan la'asar na ce, "Yaya, ka kai ni wurin Baba."

Ya saka takalmi ya shige gaba. A maƙabartarmu ba a rubuta suna, sai dai a kafa icce ko fasasshen tulu, sauran kuma wanda ya halarta shi ke riƙewa a ka. Damina bayan damina ta bi ta kan wurin, gara ta cinye itatuwan. Yaya ya yi gaba, ya dawo, ya tsaya tsakanin wasu tudu biyu da suka kusa shafewa. Na zaci horo yake yi mini, sai na ga ashe shi ma nema yake yi.

"Ɗaya cikin biyun ga na," ya ce. "An hana taro, mu kaɗan munka kawo shi, tsofaffin da sunka taya ni duk sun bi shi. Wanshekare anka rufe wani kusa da shi. Cewa na yi in ka taho in gwada maka, mu riƙe wurin mu biyu, in na mance ka tuna min. Ba ka taho ba."

Na durƙusa na yi wa na dama addu'a, na matsa na yi wa na hagu. Yaya na tsaye a bayana yana cewa amin, muna kuka ba mai lallashin wani.

Washegari na biyo hanyar da na zo, na iso Sakkwato da azahar. Abin da tafiyar ta koya mini, har yanzu ban ce dalilan da na rubuta ƙarya ba ne, wataƙila sun tsare ran wani tsoho a wani ƙauye. Amma na rubuta su kamar babu wanda za su taɓa sai cuta. Ina shiga gida 'yata ta tare ni da murna tana tambaya ko na ga kabarin Kaka. Na ce mata na tsaya kusa da shi.