Bulon da Bai Ƙoshi da Ruwa Ba

Na daɗe ina buga bulo a bakin hanyar Karaye. Da buhu biyu na siminti na fara, da injin hannu na aro. Tsarinmu a lokacin, a buga yau, a yayyafa ruwa gobe, jibi mai saye ya loda.

Wata shekara injiniyoyin wata ƙungiya mai kula da ingancin gini suka tara masu bulo a filin firamare. Babbansu, wani dattijo, ya ɗaga bulona daidai ƙirji ya saki. Ya watse kamar ƙuli-ƙuli.

"Na wane ne wannan?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe."

"Kwana nawa ya yi yana shan ruwa? Bakwai ake so, safe da yamma."

Na ce, "Yallaɓai, mu da muke sayen ruwa a jarka, bulo zan yi wa liyafa?"

Kowa ya yi dariya, ban da shi. Amma maganar ta zauna mini.

Gab da damina aminina, manomin gyaɗa a Yammedi, ya zo da mota. Ɗaki zai gina wa mahaifiyarsa, na ƙasar ya tsage. Bulon da ke gabana kwanansa biyu. Na ce ya jira kwana biyar.

"Kai dai loda, sarkin wayo! Magini zai wuce Falgore jibi. Ko a waje kake so Inna ta kwana?"

A wurinmu ba a mayar da aboki hannu rabbana. Sau ɗaya na faɗa, a hankali kuma, sannan na sa aka loda.

Tsakiyar damina, ana ruwa da la'asar, bangon gabas ya zube a kan ƙafafun tsohuwar. Ta rayu, amma ba ta ƙara takawa ba.

Na je dubiya. Aminin nawa ya shimfiɗa mini tabarma, ya tambayi iyali da kasuwa, bai tsallake gaisuwa ko ɗaya ba. Na ce, "Bulona ne." Ya dubi ƙasa ya ce, "Ƙaddara ce, Alhaji." Tun muna yara bai taɓa kirana Alhaji ba.

Bara ya sake ginin. Daga Rogo ya sayo bulo, duk da nisan. Motar ta bi ta gaban rumfata, ya ɗaga mini hannu, na ɗaga masa, bai ce direba ya tsaya ba.