Kwalaben Inna Kande

Duk wanda ya taɓa shan ruwa a hannun Inna Kande zai gaya maka ruwanta garau yake, kana hango gindin ƙwarya. Alhali rafi ɗaya take ɗiba da kowa, rafin nan da ke gangarowa ta tsakanin tsofaffin ramukan kuza a bayan Riruwai, wanda in an yi ruwan sama yakan koma jajawur. 'Ya'yan zogale take dakawa ta zuba a randa, ta juya, ta bari dattin ya kwanta, sannan ta tace da farin ƙyalle. Sauran matan unguwar ma a wajenta suka koya, sai dai su sukan yi yau su tsallake gobe.

A bakin rafin ta girma. Ubanta leburan kuza ne, ita ma tun tana shekara takwas take tsugune cikin ruwa da ƙwarya tana wanke yashi. Ta yi aure a nan, ta haifi bakwai. Huɗun farko duk ta binne su wajen lokacin yaye, da ciwo iri ɗaya: jijjiga, ido ya kafe, shi ke nan. A na farko ta yi kuka har muryarta ta dushe. Na huɗu kuwa ana fita da shi ta koma ta ƙarasa surfen da ta fara. Mutane suka ce tawakkali ne. Ni ban yarda ba, zuciyar ce ta daskare, daga nan ba a ƙara ganin ta yi murna ko baƙin ciki sosai ba. A shekarar ta kama tace ruwa, ba don wani ya ce mata komai ba, sai don hannunta ya samu abin yi. Ukun da suka biyo baya suka rayu. Yanzu tana zaune gidan autanta, da matarsa Balaraba da 'yarsu Zubaida mai shekara biyu.

Farkon wata damina sai ga wata ɗaliba daga jami'a a Kano, Khairiyya, da takalmin roba har gwiwa da akwatin kwalabe. Ta ce tun daga madatsar Tiga take bin ruwa tana ɗibar laka, za ta auna ko akwai dalma da sauran guba. Ta gaya wa mai unguwa cewa wata ƙungiya na da kuɗin rijiyar burtsatse guda ɗaya tak, kuma unguwar da rafinta ya fi lalacewa za a ba. Laka ta ɗiba da hannunta. Ruwa kuwa dole sai bayan an tafka ruwan sama ake son sa, ita kuma ba za ta iya zaman jiran hadari ba. Mai unguwa bai yi wani dogon tunani ba, ya nuna mata gidan da ya fi kowanne tsabta.

"Inna, kwalabe goma ne," in ji Khairiyya. "Duk ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi ki cika ɗaya da ruwan da kuke sha, ki rufe da kyau."

"To, 'yar nan. Allah ya yi miki albarka."

Bayan kwana uku aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kande ta ɗebo, ta ɗaga kwalba ta duba abin da ke cikin bokiti. Ja ne, har da ɗan maiƙo a sama. Yarinya mai ladabi irin wannan, ta zo tun daga birni, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta, a ba ta wannan ƙazanta ta kai wa malamanta? A ce ga abin da mutanen Riruwai ke sha? Kande ba ta taɓa miƙa wa baƙo ruwa mai datti ba. Ta daka zogale. Kwalabe goma ta cika a daminar nan, kowacce sau biyu ta tace ruwanta, saboda ta baƙuwa ce.

Bayan kaka takarda ta iso. Mai unguwa ya sa aka karanta a ƙofar masallaci: ruwan rafinsu lafiya lau. Rijiya ta tafi wata unguwa can ƙetaren dutse. Wasu suka ji haushi, wasu suka yi ta fahariya.

Wata biyu bayan nan Khairiyya ta dawo yin godiya, da turmin atamfa. Tana shan ruwa a tsakar gida ta ce abu ɗaya ya ɗaure mata kai har yau. Lakar rafin nan ta fi ta ko'ina dalma, amma ruwan kwalaben kamar na famfo.

"Ai dole," in ji Kande. "Sau biyu nake tace miki."

Khairiyya ta ajiye ƙwaryar a hankali. Ta sa aka nuna mata randar, da ƙyallen, da turmin zogalen. Sai ta zauna a ƙasa daɓas, ta riƙe kai.

"Inna, dattin nan shi nake nema. Gubar a jikinsa take maƙalewa. Ita ce ke sa yara jijjiga. Laifina ne, ban yi miki bayani ba."

Kande ta ji kalmar jijjiga sarai. Ta jira wani abu ya motsa a ƙirjinta, bai motsa ba. Ta tambaya ko za a sake awon. Khairiyya ta ce damina ta wuce, rijiya kuma an riga an haƙa. Za ta rubuta gyara, amma ba ta san ranar da wani kuɗin zai fito ba. Hawaye take yi. Kande ce ma ta ba ta haƙuri, ta raka ta har bakin hanya inda mai babur ke jira.

Da ta dawo ta tarar Balaraba ta sauke bokiti daga rafi, Zubaida na riƙe da zanenta tana kukan ƙishi. Balaraba ta tsoma kofi cikin bokitin ta kafa wa yarinyar a baki.

"Balaraba, ba ki tace ba."

"Haba Inna, ba an karanta takarda ba? An ce ruwanmu ya fi na birni. Duk unguwar nan an huta da wannan wahalar, ke kaɗai kika rage."

"Tun yaushe kike ba ta haka?"

"Tun ranar da aka karanta mana."

Kande ta tsaya a tsakiyar gidan, atamfar na hammatarta, tana lissafin kwana sittin da yawan yaran unguwar. Zubaida ta shanye tas, ta miƙo kofin a ƙara mata.